Fina-finan Waliyyi Patrick sun manta da yaron da aka sace

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan fim ɗin Waliyyi Patrick, bishop ɗin da ya yaɗa addinin Kirista a ƙasar Ailan, da tasharku ta nuna ranar tunawa da shi, 17 ga Maris, wanda aka yi a shekarar 2000, Patrick Bergin ya fito a matsayin waliyyin. Na gode da kuka tuna da ranar. Mu mabiya ɗariƙar Katolika a nan muna ji da ita, domin tun 1961 aka sanya Patrick ya zama waliyyin Najeriya, kuma limamai 'yan Ailan da yawa sun ƙarar da rayuwarsu suna koyarwa a makarantun Kaduna da Jos.

Amma raina bai kwanta da abin da na gani ba. Ni da yarana muka kalla a tsakar gida, da aka gama ƙaramin ya ce mini, "Baba, ashe shi ma boka ne, sai dai ya fi sauran ƙarfi?" Na rasa amsar da zan ba shi, don gaskiya abin da fim ɗin ya nuna masa ke nan: mutum mai sanda yana gwada ƙwanji da bokayen sarki.

Labaran nan ba daga bakin Patrick suka fito ba. Karawarsa da bokayen Sarki Lóegaire a tudun Tara da ke Ailan, da wutar Ista da ya kunna don saɓa wa dokar sarki, wani malamin coci mai suna Muirchú ne ya rubuta su wajen shekara 200 bayan rasuwarsa. Zancen da kowa ya haddace kuwa, wai shi ya kori macizai daga Ailan, masana sun tabbatar babu maciji a tsibirin tun bayan zamanin ƙanƙara. Ba ma shi ne bishop na farko da aka tura can ba. A shekarar 431 Fafaroma Celestine ya aika Palladius zuwa ga Kiristocin Ailan.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin ya bar mana rubuce-rubuce biyu da Latin, kuma abin da ke cikinsu ya fi kowace tatsuniya taɓa zuciya. A Birtaniya aka haife shi, mahaifinsa Calpurnius dikon ne, wato mataimakin limami, a coci. Yana da kimanin shekara 16 mahara suka dira gonar mahaifinsa suka kwashe shi, suka ƙetare teku da shi zuwa Ailan. Shekara 6 ya yi yana kiwo a hannun ubangidansa. Ya ce a daji ya koyi addu'a, har sau ɗari a yini, yana tashi kafin asuba cikin ruwan sama da ƙanƙara. Daga baya ya gudu, ya yi tafiyar mil kusan 200 kafin ya sami jirgin ruwa. Da ya isa gida danginsa suka roƙe shi kada ya sake barin su. Duk da haka ya koma wurin mutanen da suka bautar da shi. A farkon littafinsa ma da mai zunubi kuma baƙauye ya kira kansa, yana jin kunyar ƙarancin karatunsa.

Rubutu na biyu wasiƙa ce zuwa ga sojojin wani shugaba mai suna Coroticus. Sojojin sun afka wa mutanen da Patrick ya yi wa baftisma, suna sanye da fararen kaya, man shafewa bai bushe a goshinsu ba. Suka kashe wasu, suka tafi da sauran don sayarwa. Washegari ya aika limami ya roƙa a sako su, aka yi wa manzon dariya. Ranka ya daɗe, wa ke zaune a Arewa yau da bai san irin wannan dariyar ba? A unguwarmu akwai uwar da ta sayar da gonarta don kuɗin fansa. Da ita da yarana, wannan Patrick ɗin nake so su sani.

Akwai wani fim na 2020, I Am Patrick, inda John Rhys-Davies ya fito a matsayin Patrick a tsufansa, kuma an gina shi ne kan rubuce-rubucen nan biyu. Ina roƙon ku nemo shi don baɗi. In hakan bai samu ba, ku gayyato wani malami ya karanta wasiƙar Coroticus da Hausa kafin a fara fim. Gajeriya ce, ba za ta ci muku fiye da kwata na awa ba.

Naku,
Mai kallonku daga Kaduna