Wasiƙa Zuwa Ga Ɗiyata Kan Abin Da Take Karantawa

Katsina

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, ƙafar mamanki ma ta yi sauƙi. Da fatan karatu yana tafiya daidai.

Ina ganin rubuce-rubucen bangaskiya da kike turo mana ta waya da safe. Na ji daɗi, amma ba dukansu ne suka kwanta mini ba, kuma ina so ki riƙa bambance tsaba da tsakuwa.

Ɗauki wanda kika turo a kan Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shirin alheri domin mutanensa. Marubucin ya tsinko ayar ita kaɗai, ya ce duk wanda ya amsa da amin, kafin wata ya mutu kuɗi za su shigo masa. Ki buɗe surar da kanki. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila. A aya ta 10 an gaya musu sai sun yi shekara 70 a can. A sura ta 28 kuwa, Hananiya ne ya yi alkawarin cewa cikin shekara 2 komai zai dawo, kuma annabcin ƙarya ya yi, bai ma kai ƙarshen shekarar da rai ba. To, mai wannan rubutu da wa ya fi kama a cikinsu?

Amma wancan da wata baiwar Allah ta rubuta kan Filibiyawa 4, inda Manzo Bulus ya ce zai iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa shi, shi kam ya yi. Ta tuna mana cewa Bulus yana kurkuku ya rubuta, kuma ƙarfin da yake magana a kai na jure ƙoshi da yunwa ne, wadata da rashi. Ba ta yi ihu ba, ba ta sa lambar asusun banki a ƙasa ba. Na gama karantawa sai na ga na ɗauko Littafi Mai Tsarki ina duba surar tun daga farko. Irin wannan marubuciya ki riƙe ta. Mutanen Biriya ma, Bulus da kansa ne ke yi musu wa'azi, amma kullum sai sun bincika Littattafai su ga ko haka ne, kuma an yabe su a Ayyukan Manzanni 17.

Wanda kuma aikinsa zagin Musulmi, ki bar shi da kayansa. Mu ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina, nan aka binne cibiyarmu. Ƙanena Musulmi ne, shi ya kai ki asibiti a babur kina ƙarama. In har waɗanda suke bauta an ce su nemi zaman lafiyar Babila, su yi mata addu'a, balle mu da garinmu.

Ki lura da masu rubutu da Hausa musamman, don ba su da yawa. Sai a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da harshenmu, Likita Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar. Wanda ya zauna yau ya bayyana aya da Hausa mai kyau, yadda tsohuwa a zumuntar mata ta Malumfashi za ta gane, galibi ba wanda ke biyansa ko sisi. Ki aika masa godiya, ki faɗa masa wurin da ya taimake ki. In kin tura rubutunsa gaba, kada ki goge sunansa. Wannan ɗabi'ar ta yi yawa a cikinmu, har da fastoci.

Na baiwar Allah ɗin nan, ki sake turo mini shi, ya ɓace a wayata. Mamanki na so ta karanta wa mata ranar Talata. Ta ce in kin tashi zuwa hutu ki sanar da wuri, kuma ki biyo motar safe, kada dare ya yi miki a hanya.

Ni ne,
Babanki