Wasiƙar godiya ga sashen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in isar da godiyar gidanmu ga likitoci da ma'aikatan jinya na wannan sashe, saboda ɗawainiyar da suka yi da mahaifinmu, wanda ke fama da cutar Parkinson, wata cutar ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki.

Baba malamin allo ne, kuma a rubutunsa muka fara ganin alama, domin baƙaƙen da ya saba shimfiɗawa a allo sun riƙa ƙanƙancewa har almajirai suka kasa karantawa. Daga baya hannunsa na dama ya kama karkarwa idan yana zaune, babban yatsa da manuni suna murzawa kamar mai jan carbi, amma da zarar ya miƙa hannu zai ɗauki abu sai ta lafa. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daina nuna fara'a. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu, sannan wani mai kemis ya ba shi benzhexol, wanda ya rage karkarwar amma ya bar shi da bushewar baki da ruɗewa, har yana ganin mutanen da babu su.

Ranar da muka zo wurinku, likita ya sa Baba ya yi tafiya a gabansa, ya gwada sandarewar gaɓoɓinsa, kuma ya tambayi kowane magani da ya taɓa sha, saboda magunguna irin su metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali suna iya kawo alamu masu kama da wannan cuta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ya yi mana da Hausa, a kan takarda, ba tare da gaggawa ba. Ya zana wani ɗan wuri can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira substantia nigra, inda ake samar da sinadarin dofamin, ya nuna yadda sinadarin ke isa ga curin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi, da yadda mutuwar ƙwayoyin da ke samar da shi ke sa jiki ya yi nauyi ya sandare. Ya ce dofamin ba ya iya ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba da levodopa, wanda yake ratsawa ya rikiɗe ya zama dofamin a can, ana haɗa shi da carbidopa domin kada ya rikiɗe tun a hanya ya jawo tashin zuciya.

Ba ku ɓoye mana komai ba, kuma a wurina wannan ya fi kowane irin lallami daraja. Kun faɗa mana cewa maganin yana sassauta alamu ne, ba ya warkar da cutar, kuma bayan shekaru ƙarfinsa yakan riƙa ƙarewa kafin lokacin sha na gaba, ko ya kawo motsin jiki ba da niyya ba. Ma'aikaciyar jinya ta koya wa Inna ta ba shi maganin kamar rabin awa kafin abinci, domin nama da wake da nono suna rage shigarsa jiki, ta kuma ja kunnenmu kada a dakatar da shi farat ɗaya, domin hakan na da haɗari. Da azumi ya gabato, likita ya zauna da Baba suka tattauna batun lokutan shan magani cikin girmamawa, yana kiransa Malam.

Muna kuma godiya ga masu gashin ƙashi, waɗanda suka koya masa ƙirga taku da baki idan ƙafa ta kafe a bakin ƙofa. Yanzu Baba yana zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa, kuma da hantsi, lokacin da maganin ya kama jikinsa, yakan ɗauki alƙalami ya yi wa ƙananan almajirai rubutu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannuwanku albarka, ya ba sauran majinyatanku lafiya.

Naku,
Ɗan majinyacinku, a madadin iyalinsa, daga Kano.