Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayenmu mata da maza. Ga rahoton bana a taƙaice na ƙungiyarmu mai tallafa wa masu ɗauke da cutar kanjamau a Kano, wanda bai samu zuwa mitin ba sai ya karanta a nan.

Shekarar nan dai da tashin hankali ta fara mana. Tun a Janairu da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, har da na PEPFAR, shirinta na yaƙi da cutar kanjamau, sai magana ta bazu a Kano wai maganin kanjamau ya ƙare, wayar sakatariya ba ta huta ba dare da rana, wasu har sun fara raba ƙwayar magani gida biyu wai don ta kai su, wasu kuma suka koma shan kwana ɗaya tsallake ɗaya. Kusan duk aikinmu na watannin farko a nan ya tafi, bin mutane gida-gida daga Kurna har Sheka muna roƙon kar a taɓa tsarin shan magani, tunda wasa da shi ne ke sa ƙwayar cutar ta daina jin maganin. Alhamdulillahi da yawa sun dawo layi, kuma da aka sake awon jini ƙwayar ta kwanta.

Da azumi ya zo a Maris mun zauna da ma'aikatan lafiya, masu shan TLD, maganin kanjamau da ake sha sau ɗaya a rana, aka daidaita musu lokaci zuwa dare, ba wanda ya ajiye magani saboda azumi a iya saninmu.

Dokar gwaji kafin aure da gwamnan Kano ya sa wa hannu a 2024 ta ƙaro mana baƙi. Yara matasa, ana saura kwanaki ɗaurin aure sakamako ya fito da cutar, iyaye sun rikice. Mun zauna da iyalai da dama muna fahimtar da su cewa mai shan magani daidai har ƙwayar ta kwanta ba ya sa wa abokin zamansa, kuma mace za ta haihu lafiya in ta riƙe magani da awo. Wasu sun gane, wasu wallahi ko kallonmu ba su yi ba.

Masu ciki mun raka su awo, masu tarin fuka mun haɗa su da asibiti. Ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da kanjamau ta duniya, mun fita wayar da kai kamar kullum.

Inda muka gaza shi ne kuɗin mota. Kuɗin adaidaita sahu ya tashi, akwai zawarawa da ranar karɓar maganinsu ta wuce don ba su da na zuwa, asusunmu kuma ba komai saboda kuɗin wata-wata ba a biya yadda ya kamata, ni kaina ana bina na wata biyu. Adashin mata ne kawai ya tsaya da ƙafarsa.

Sai maganar sirri, don Allah a daina ɗaukar hoto a wurin taro. Mitin na gaba ma'aji zai karanto lissafi, kowa ya zo da katinsa da abin da ake binsa.