A Duba Kafin A Ɓamɓare Robar Gefen Mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani yayi da nake gani yana yaɗuwa a tsakanin matasanmu masu motoci, wato ɓamɓare robar nan ko siririn ƙarfen da kamfani yake ɗorawa a gefen ƙofofi, da nufin jikin mota ya fito sumul tun daga fitilar gaba har ta baya. Ba na cikin masu ganin laifin kwalliya, kuma na yarda cewa akwai motocin da suke ƙara kyau idan aka rage musu tarkace. Abin da ya dame ni shi ne, da yawa daga cikin masu cirewar ba su san yadda aka ɗaura abin da suke cirewa ba, sai bayan aikin gama ya gama.

Wannan salo ba yau aka fara shi ba. Ya yi ƙarfi ne a Amurka, musamman a jihar Kalifoniya, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da magyara irin su 'yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris, suka yi suna wajen sauya kamannin motoci, musamman ƙirar Mercury ta 1949 zuwa 1951. Suna cire ƙarafan ado da tambarin kamfani, wani lokaci har da mariƙin ƙofa, amma ba a nan suke tsayawa ba. Sai sun toshe kowane rami da walda, sun narka dalma sun cike wajen, sun goge shi har ya daidaita, sannan su sake fentin motar gaba ɗaya. Ashe santsin da ake gani a hoto aikin makonni ne, wani lokaci ma watanni. Mu kuma hoton muka gani, muka ɗauka aikin yini guda ne da sukundireba.

Hanyar da kamfani yake ɗaura wannan roba iri biyu ce, kuma a nan maganar take. Akwai wadda aka liƙa da wani tef mai kauri, mai gam ta fuska biyu, babu rami ko ɗaya a ƙarƙashinta, kuma irinta ce ta fi yawa a motocin baya-bayan nan. Akwai kuma wadda aka riƙe da ƙananan maƙalai na roba ko na ƙarfe waɗanda suka shige cikin ramukan da aka huda a jikin ƙofar tun daga kamfani. Wasu motocin ma an haɗa musu duka biyun, gam a tsakiya, maƙali a bakin kowane ƙarshe. Daga waje ba a iya bambancewa da ido. Sai an cire rufin cikin ƙofa an haska da tocila, idan an ga kawunan maƙalai sun leƙo a jere, to an san akwai ramuka, kuma wannan dubawa ba ta cin rabin sa'a.

Wadda aka liƙa da gam ba ta da wuyar sha'ani ga mai haƙuri. A wanke motar, a bar ta ta sha rana, domin ranar bazara a Kano, wadda kan haura maki 40, ta isa ta sassauta gam ba tare da an nemi wata na'urar zafi ba. Sai a sami zaren fatsa mai ƙwari, a zura shi a bayan robar, a riƙa ja a hankali kamar mai yanka sabulu, har ta rabu da jiki. Ragowar gam ɗin a murje shi da yatsa ko a jiƙa shi da ɗan kananzir a tsumma mai laushi, sannan a wanke da sabulu. Kada a kusanto da wuƙa ko reza, kada kuma a zuba tina, domin tana cin fenti. Amma ko a wannan mai sauƙin akwai abin da ba a faɗa wa mutane. Fentin da ya yi shekara 15 ko 20 a ƙarƙashin roba bai taɓa ganin rana ba, alhali na kewaye da shi ya sha rana da ƙurar hunturu har ya koɗe, saboda haka da zarar an cire sai wani dogon layi ya bayyana, launinsa ya fi na sauran jiki ƙarfi. A farar mota ko mai ruwan azurfa gogewa takan rage shi sosai, amma a ja ko shuɗiya mai duhu yakan zauna daram, mai motar ya rabu da roba ya koma yawo da inuwarta.

Mai ramuka kuwa, na ga abin da take jawowa a cikin gidanmu. Ɗan yayana ya sayi tsohuwar Marsandi, irin wadda muke kira Bi-but, mai faffaɗar roba a ƙasan ƙofofi, wadda kamfanin ya fara sa wa wannan ƙira a 1989. Mota ce lafiyayya, fentinta na asali. Wata Asabar ya kai ta wani gareji, maigidan ba ya nan, wani yaron shago ya ɗauko sukundireba ya shiga ɓamɓara, maƙalai suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ya shigo gida, na fito na ga ramuka a jere tun daga ƙofar gaba har ta baya, kowanne da zoben tsatsa da busasshen laka a bakinsa. Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, wallahi ban san akwai ramuka ba." Washegari aka cusa fila, wato kwaɓin da masu fenti ke cike lotsawar jikin mota da shi, a ramukan, aka fesa fenti a wajen kaɗai. Ta yi kyau har ƙarshen bazara. Da damina ta yi nisa sai kowane rami ya kumburo kamar ƙurji, fentin ya tsage a zagaye, ana iya ƙirga su daga nesa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙofar mota. Ruwa yana shiga cikinta ta gefen gilashi a duk lokacin da aka yi sama ko aka yi wanki, ya gangara ya fita ta ƙananan kafofin da ke ƙasa. Fila kuwa tana shan danshi, kuma idan aka cusa ta a rami bayanta a buɗe yake ga wannan ruwa, ga jijjigar hanya da bugun ƙofa kullum. Gyara na gaskiya shi ne a toshe ramin da ƙarfe, a shafe bayansa da maganin tsatsa, sannan a sa fila kaɗan don daidaitawa. Nan ma sai an sami gwani, domin kaurin ƙarfen ƙofa bai kai milimita ɗaya ba, kuma waldar gas da aka fi yi a garejojinmu tana da zafin da ke lanƙwasa shi, ƙofa ta fito da tudu da kwari waɗanda sabon fenti mai sheƙi zai ƙara tona musu asiri. Wanda ya lissafa kuɗin mai walda da na mai fenti na ƙofofi huɗu da gefunan da ke kusa da su zai gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Akwai kuma ranar sayarwa, wadda matashi ba ya tunawa da ita a ranar da ya sayi mota. Duk wanda ya taɓa shiga hannun dillalai ya san tambayar farko ita ce ko fentin na kamfani ne. Wasu masu saye har maganaɗisu suke bi da shi a jikin ƙofa, inda ya ƙi kamawa sun san fila ce. Da wuya ka gamsar da mai saye cewa ado ne ya sa aka yi wa ƙofofi huɗu walda ba haɗari ba, kuma ko ya yarda sai ya rage kuɗi.

Ita kanta robar ba don ado kaɗai aka sa ta ba. An ɗora ta a inda jikin ƙofa ya fi fitowa, domin ta karɓi bugun ƙofar motar da aka ajiye kusa da kai. Wanda yake ajiye motarsa a cikin gida ya fito da ita ranar Juma'a ko ranar biki zai iya rayuwa babu ita. Amma wanda yake kutsawa Kantin Kwari ko Sabon Gari kullum, tsakanin adaidaita sahu da masu baro da masu kurar ruwa, shi ya fi kowa bukatarta, kuma a ganina irinsa gara ya sa a cire ta a hankali, a fesa mata launin motar, a mayar. Kamfanoni da yawa haka suke yi wa motocinsu masu tsada, kuma daga 'yar tazara ba a ma lura da ita.

Ina kira ga shugabannin masu gyaran jikin mota, na Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna da sauran wurare, su ja kunnen yaransu kada su taɓa robar motar kowa sai sun buɗe ƙofa sun duba, sun kuma faɗa wa mai ita abin da zai biyo baya da abin da zai kashe. Kai kuma Malam Edita, da za ka tura wakilinka ya zauna da wani tsohon mai fenti ya ɗauko hotunan ƙofar da aka toshe da walda da wadda aka cusa wa fila bayan damina ɗaya, da masu karatu sun gani da idonsu. Idan ana bukatar ta biyun, motar ɗan yayana tana nan a ƙofar gida, har yanzu muna neman robar da za ta rufe ramukan a wajen masu kayan gwanjo.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano