Wasiƙa zuwa ga Baba daga Delft

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara. Kun tambaye ni a waya ainihin aikin da nake yi a nan Holan, layi ya yanke kafin in ba ku amsa. Ga ta a rubuce.

A kan fatar jirgin sama nake aiki. Duk tashin da jirgi zai yi, ana matsa iska a cikinsa don fasinjoji su yi numfashi, sai jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauka ya koma yadda yake. Yau da gobe ƙarfe yana gajiya, kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa. Tsaga ta fara a bakin ramin ƙusa, ta yi ta ci a ɓoye. Haka rufin wani Boeing 737 ya yaye a sama a Hawayi a 1988, ma'aikaciya ɗaya ta rasu.

Maganin da malaman jami'ar Delft suka ɓullo da shi sunansa GLARE. Ana shimfiɗa farantin alminiyam wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, a ɗora zaren gilashi jiƙe da gam, a sake ɗora faranti, sannan a gasa su cikin tanda mai matsi. In ƙarfen ya tsage, zaren ba ya tsinkewa. Sai ya riƙe bakunan tsagar kamar ɗinki, ta riƙa rarrafe har mai duba jirgi ya gano ta. Wannan rarrafen nake aunawa kullum, wani lokaci mako guda a kan faranti ɗaya, kuma wallahi ban taɓa ƙosawa ba.

Da GLARE aka yi wani ɓangare na saman jikin jirgin Airbus A380, wanda ya fara tashi a 2005. An daina ƙera jirgin a 2021, sababbin jirage kamar A350 sun koma zaren kabon, har wasu na cewa zamanin GLARE ya wuce. Ban yarda ba. In abu ya bugi GLARE yakan lotsa, ido ya gani, shi kuwa kabon yakan ɓoye rauninsa a ciki. Ga kuma GLARE da jure wuta.

Mako mai zuwa zan gabatar da sakamakona gaban malamai. Ku sa ni a addu'a. A gaida Inna, a ce mata ina sa rigar sanyin.

Ɗanku mai biyayya.