Ɗaga ƙarfe ba ya tsumburar da yaro, rashin mai sa ido ne haɗarin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na lafiyar iyali da aka tattauna motsa jikin yara a cikinsa, inda masu kiran waya da dama, yawancinsu iyaye irina, suka haɗu a kan magana ɗaya, wato duk yaron da ya fara ɗaga ƙarfe kafin ya gama girma zai tsumbure. Wannan magana ta zauna daram a tsakanin Hausawan Makka da Jidda, har ta kai uba yana iya ƙyale ɗansa ya wuni a kan waya, amma ya tsawata masa idan ya gan shi yana atisaye, kuma a ganina cutarwar da take yi wa 'ya'yanmu ta fi kariyar da ake zaton tana ba su.

Tsoron iyaye yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, kamar na cinya da na dantse, kusa da gaɓa, akwai wani faifai na guringuntsi wanda daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo, kuma ba ya rikiɗewa ya zama ƙashi mai tauri sai bayan balaga, ga mata da ɗan wuri, ga maza kuwa har wajen shekara 16 zuwa 18. Wannan wuri ya fi sauran ƙashin rauni, idan ya yi mummunar karaya kuma ba a kula da shi yadda ya dace ba, ƙashin yana iya daina tsawo ko ya karkace. Sai dai abin da ke jawo irin wannan karaya shi ne faɗuwa, ko karo a filin ƙwallo, ko yaro ya cicciɓi nauyin da ya fi ƙarfinsa babu babba a kansa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da bayani a kan batun a 2008, ta sabunta shi a 2020, kuma matsayinta shi ne atisayen ƙarfi da aka tsara daidai da shekarun yaro, a ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin, ba ya rage tsawo kuma ba ya lalata wurin girman ƙashi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ƙarfin yake zuwa. Yaron da bai balaga ba zai iya yin wata biyu ko uku yana atisaye, ƙarfinsa ya ƙaru sosai, amma idan ka dubi dantsensa ba za ka ga ya kumbura ba, domin sinadarin da ke gina tsoka mai kauri ba ya yawaita a jikin namiji sai da balaga. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suka koyi aiki. Al'amarin kamar gayya ne a gona: mutanen gari ba su ƙaru ba, amma waɗanda suka amsa kira sun ƙaru, kuma sun iya sara tare a lokaci ɗaya. Saboda haka yaro yake ƙara iya tsayuwa da tsalle da sauka ba tare da ya gurɗe ba, kuma saboda haka ne ƙarfin yake komawa baya cikin 'yan makonni idan aka daina. Ƙashi ma yana amfana, domin ja da matsi da tsoka ke yi masa su ne suke sa shi ya tara sinadaran da ke ƙara masa ƙwari, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwarin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne a cikin shekara biyu na lokacin da yaro ya fi saurin tsawo. Wanda ya wuce waɗannan shekaru a zaune, da wuya ya mayar da abin da ya rasa.

Mu da muka tashi a gida, ɗiban ruwa da surfe da noma da kokawa da langa sun yi mana wannan aiki ba tare da mun sani ba. 'Ya'yanmu na nan kuwa a ɗakunan bene suke tashi, mota ce ke kai su makaranta ta dawo da su, kuma a watannin bazara zafin Makka yana haura digiri 40, ba mai barin yaro ya fita da rana. Ga lemon kwalba da soyayyen abinci a kowace kusurwa, ga ciwon suga da ya yi yawa a ƙasar, ga ƙarancin bitamin D da likitoci ke yawan samu a jikin yara duk da yawan rana, saboda ba sa shiga cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, tare da atisayen da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Binciken da masana hukumar suka wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 81 cikin 100 na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsin da ya ishe su, kuma 'yan mata sun fi maza baya.

A kan 'yan mata nake so iyaye su tsaya su yi tunani. Sai a 2017 ne Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta amince a shigar da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na mata, kuma har yau a gidajenmu da yawa ana ɗaukar ƙarfin jiki a matsayin sha'anin maza. Alhali mace ce za ta ɗauki ciki ta shayar, ita ce kuma ta fi fuskantar raunin ƙashi idan ta manyanta. Yarinya za ta iya yin atisayenta a cikin ɗaki, a gaban mahaifiyarta, babu abin da ya taɓa kunya ko sutura. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, malamai sun bayyana cewa ƙarfin imani ne kan gaba a ma'anarsa, amma duk wanda ya yi ɗawafi da sa'ayi a cikin cunkoso ya san ibada tana bukatar jiki mai lafiya.

Farawa ba ya bukatar kuɗi ko shiga nadi, wato gidan motsa jiki. Yaron da ya kai shekara 7 ko 8, yana jin umarni yana bi, zai iya farawa da nauyin jikinsa, ya dafa ƙasa yana ɗagowa yana sauka, ya tsuguna ya miƙe, ya riƙe ƙarfe yana jan jikinsa sama, daga baya a ƙara masa roba mai talewa ko ƙaramin nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da ya murɗe bayansa ba. Kwana 2 ko 3 a mako ya isa, a riƙa tsallake rana, a ɗumama jiki kafin a fara, a sha ruwa sosai, kuma kada a bari yara su yi gasar wa ya fi ɗaga nauyi. Yaron da ke da ciwon zuciya ko hawan jini ko farfaɗiya, da mai sikila wanda ƙishirwa da gajiya ke tayar masa da ciwo, sai an ga likita tukuna. Dakon kaya a kasuwa kuwa, wanda wasu ke fakewa da cewa yana ƙara wa yaro ƙarfi, wahalarwa ce, domin babu awo a cikinsa kuma babu hutu.

Inda tsoron iyaye ya kamata ya koma shi ne allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye, waɗanda samari 'yan shekara 15 ko 16 suke nema saboda jikin da suke gani a TikTok da Snapchat. Waɗannan su ne suke rufe wurin girman ƙashi tun lokacinsa bai yi ba, su tsayar da tsawon yaro har abada, su taɓa hanta da zuciya, su kuma iya raunana haihuwa. Saurayin da aka hana atisaye a gida, a ɓoye zai je ya koya a hannun abokai, kuma a can ne ake miƙa masa allura.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ku sake buɗe wannan batu a wani shiri, ku gayyato likitan yara da ƙwararren mai horarwa, a samu mace a cikinsu domin iyaye mata su saki jiki su yi tambaya, kuma a bayyana wa masu sauraro alamomin da uba zai gane cewa ɗansa ya fara amfani da waɗannan ƙwayoyi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga unguwar Hindawiyya, Makka.