Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata dai an yi su, kuma fuskokin da aka saba gani su aka gani.

Babban aikinmu na bana shi ne ɗakin kwamfuta na makarantar nan da muka ɗauki nauyi. Kun san yadda muka same shi: kwamfutoci 18 'yan gwanjo, yawancinsu faifan ajiyarsu ya lalace saboda yawan ɗauke wuta. Kuɗin sayen sababbi babu, sai muka cire faifan gaba ɗaya, muka girka Debian 12, wani nau'in manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, a kan uwar garke guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da sauran suka dogara da ita. Da an kunna kwamfuta, sai ta yi cigiyar uwar garke ta PXE (hanyar tayar da kwamfuta ta netwok), manhajar dnsmasq da ke kan uwar garken ya ba ta adireshi, ya miƙo mata kernel da initramfs (fayilolin farko da take buƙata don tashi) ta TFTP (hanyar aika fayil ta netwok), daga nan ta jawo tushen fayilolinta daga uwar garken ta NFS (hanyar amfani da fayilolin wata kwamfuta ta netwok). Karantawa kawai take iya yi, ba ta da ikon canza ko da harafi ɗaya a can. To amma Linux ba ya zama lafiya sai ya yi rubutu a wuraren ajiyar fayil na /var da /tmp, shi ya sa muka shimfiɗa overlayfs a kan tmpfs, wato wani shimfiɗin rubutu na wucin-gadi. Duk abin da aka rubuta a RAM, ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfutar, yake sauka, da an kashe na'ura ya tafi. Mako biyu muka sha fama kafin mu gane cewa dukkan kwamfutocin machine-id ɗaya suke ɗauke da shi, wato lambar shaidar da ya kamata kowace ta kasance da tata daban. Mu uku ne muka kwana a kan wannan, kuma kun san mu.

Ranar gwajin 'yan JAMB kuwa sai wanda ya gani! Ana tsakiyar aiki NEPA ta ɗauke wuta. Da a da ne, da sai mun wuni muna gyara. Janareta na tashi, duka 18 suka dawo garau. Wani yaro ya dagula tasa, ya zo yana rawar jiki, aka ce masa kashe ka kunna kawai. Shugaban makaranta har leƙa cikin akwatin ɗaya ya yi, wai yana neman inda muka ɓoye faifan. Iyaye sun sa mana albarka sosai.

Sai kuma ƙorafe-ƙorafen da nake ji. E, gaskiya ne kwamfutocin na jan ƙafa idan aka kunna su lokaci guda. Suwic ɗinmu, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin, mai gudun megabit 100 ne, ana buƙatar mai gigabit, wanda ya ninka shi sau goma. Gaskiya ne kuma aikin ɗalibai yana gogewa, domin ba mu ware musu /home, wato wurin ajiyar fayilolinsu, da ake iya rubutu a kai ba, wannan kuma sai da faifai na biyu. Uwar garken ma ba ta da batirin ko-ta-kwana, in ta faɗi kowa ya faɗi. Ba sakaci ba ne. Mambobin da suka biya kuɗin shekara ba su kai rabi ba, kuma "Allah ya ƙara basira" a WhatsApp ba ya sayen suwic. Makaranta ta biyu da muka yi wa alkawari har yanzu kunyar haɗuwa da su nake ji.

Ni na gaji da bin mutane shago-shago kamar mai karɓar adashi. Littafin yana wurin ma'aji. Wanda ake bi ya je ya biya kafin taron wata mai zuwa, a ranar za a karanta sunaye.

Sakatare